Allurar sitem sel kafin bikin maigida: in sayar da gwal ɗina in yi?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 43, 'ya'yana biyar. Maigidana zai ƙara aure nan da wata uku, kuma yarinyar da kaɗan ta girmi babbar 'yata. Ban hana shi ba, ban tayar masa da hankali ba, amma tun da aka sa rana na kasa tsayawa gaban madubi. Na fi shekara goma ina shafa man haɗi. Da farko na yi haske, kowa na yabawa. Yanzu kumatuna sun yi baƙi kamar ƙuna, fatar ta yi siriri har jijiyoyi na nunawa, ga nankarwa a damatsana, in na ɗan karce sai ya daɗe bai warke ba. In na bar man na kwana uku, fuskata ta hau ƙaiƙayi da ƙuraje.

Aminiyata ta haɗa ni da wata Hajiya mai gyaran jiki da ke kawo kaya daga waje. Ta ce akwai sabuwar allura ta sitem sel da ake samowa daga cibiyar jarirai, wai tana sabunta fata, ta mayar da mace shekara goma baya. Allura uku ce, a gidanta ake yi, naira miliyan biyu da rabi. Ta ce in babu hali akwai ta jini da wata wai ekzozom, sun fi sauƙi. Ta nuna min hotunan matan da ta yi wa, gaskiya sun yi kyau. Ina da sarƙa da 'yan kunne na gwal da mahaifiyata ta bar min, su nake tunanin sayarwa. Maigida bai sani ba. Anti, allurar nan gaskiya ce? Ba na son in zama abin nuni ranar biki.

Uwargida, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki ladan haƙurin da kike yi. Macen da ta haifa wa namiji biyar, ta ga an sa ranar aurensa da sa'ar 'yarta, in ta tsaya tana ƙirga tamojin fuskarta babu mai ganin laifinta. Don haka ba zan ce miki ki daina damuwa ba. Abin da zan ce shi ne ki mayar da gwal ɗin nan inda kika ɗauko shi, kada ki bari a soka miki allurar nan, ki kuma zauna ki ji dalili, domin Hajiyar nan ta haɗa gaskiya kaɗan da ƙarya mai yawa, shi ya sa maganarta ke shiga.

Gaskiyar da ke ciki ita ce akwai binciken da ake yi a duniya na gyara fata da ƙwayoyin halitta masu rai. Sitem sel ɗin da ta ambata wani nau'i ne na waɗannan ƙwayoyi, masu iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki. A ƙarƙashin fatarki akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu shi ne saƙa kolajin, wato abin da ke riƙe fata ta tsaya ta yi sumul. Yayin da shekaru ke tafiya aikinsu na raguwa, rana kuma na ƙara lalata abin da suka saƙa. Sai masana suka ce, me zai hana a ɗebi ƙwayoyin nan daga jikin mutum, a raine su a ɗakin gwaji har su yi yawa, a mayar masa da su inda fata ta lotsa? A shekarar 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da irin wannan magani mai suna laViv. Ki duba yadda ake yinsa: likita ya yanki 'yar fata daga bayan kunnen mace, a aika ɗakin gwaji na musamman, a shafe makonni masu yawa ana rainon ƙwayoyin, sannan a dawo da su a yi mata allura sau uku da tazarar makonni. Duk wannan ɗawainiyar don abu ɗaya tak aka amince da ita, layukan nan biyu da ke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki. Ba a ce yana cire baƙin tabo ba, ba a ce yana mayar da kowa yarinya ba, kuma galibin waɗanda aka gwada shi a kansu fararen fata ne. Bai ma yi kasuwa ba, bayan 'yan shekaru kamfanin ya daina sayar da shi. Koriya ta Kudu ma ta amince da wasu irinsa, su ma daga jikin mutum ake ɗiba a mayar masa. Akwai kuma hanyar da likitocin tiyata ke zuƙo kitse daga ciki ko cinyar mace, su tace shi, su mayar a fuska, wannan ma a ɗakin tiyata ake yi, da naki jikin.

Kin ga bambancin? Duk waɗannan da na lissafa miki, daga jikinki abin yake fitowa, likita ne ke yi, kuma amfaninsa daidai gwargwado ne. Allurar sitem sel daga cibiyar jaririn da ba ki sani ba kuwa, FDA ba ta amince da ko ɗaya ba don gyaran fuska. Inda sitem sel ya fi tabbata yana aiki shi ne cututtukan jini, kamar dashen ɓargo da ake yi wa masu sankarar jini da wasu masu sikila, kuma wannan aiki ne na babban asibiti da gwaje-gwaje da jinya ta watanni.

Ga wata tambaya da za ki iya yi wa kanki ba sai kin je makarantar likitanci ba. Ƙwayoyin halitta masu rai ba sa jure zafi. A ɗakunan gwaji, cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili ake ajiye su, kuma da zarar an narkar da su dole a yi amfani da su cikin ɗan lokaci. To kwalbar da ta taho cikin akwati, ta bi jirgi, ta sha zafin filin jirgi, ta kwana a firjin gida inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, mene ne ya rage da rai a cikinta? In kin yi sa'a, ruwa ne kawai kika saya da miliyan biyu da rabi. In ba ki yi sa'a ba, akwai ƙwayar cuta a ciki, ko wani sinadari da ba a rubuta a jikin kwalbar ba. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutum 12 da aka kwantar a asibiti da mummunar cuta bayan an yi musu allurar wani abu da aka ce sitem sel ne na cibiyar jarirai, kuma da aka gwada kwalaben da ba a buɗe ba sai aka tarar da ƙwayoyin cuta a ciki. Wannan a Amurka ke nan, a hannun masu lasisi. A jihar Fulorida ta can kuma mata uku sun rasa ganinsu ko mafi yawansa bayan an yi musu allurar sitem sel a ido a 2015, garin neman gira aka rasa ido.

Ekzozom ɗin da ta ce ya fi sauƙi, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi ne da ƙwayoyin halitta ke fitarwa don aika wa juna saƙo. Masu bincike na sa rai a kansu sosai, ana ta gwaji, wataƙila nan gaba a samu abin kirki. Amma tun Disambar 2019 FDA ta fitar da gargaɗi bayan wasu mutane a jihar Nebraska sun kwanta ciwo mai tsanani saboda shi, ta kuma bayyana cewa babu wani maganin ekzozom da ta amince da shi. Abin da ke hannun masu bincike ba a gama sanin iyakarsa ba, ba a fuskarki ya kamata a koya ba, balle ki biya kuɗi a kai.

Ta jinin, wadda ake kira PRP, ita ce mai ɗan tushe a cikin ukun. Ana ɗibar jininki, a sa a na'ura ta juya shi da gudu har ya rabu, a ɗauki ɓangaren da ke da ƙwayoyin da ke daskarar da jini su taimaka wa rauni ya warke, a mayar a fata ta allura ko ta wasu ƙananan allurai masu yawa. Likitocin fata na yin ta, wasu mata na ganin ɗan sauyi a laushin fata ko tabon ƙuraje bayan zama da yawa, wasu ba sa ganin komai, kuma binciken da aka yi a kai ƙanana ne, sakamakon bai zo ɗaya ba. Haɗarinta ba a jininki yake ba, a hannun mai yi yake. A garin Albukaki na jihar Niyu Meziko a Amurka, wani gidan gyaran jiki mara lasisi yana yi wa mata wannan aiki har aka rufe shi a 2018. Masu bincike da suka shiga sun tarar da kwalaben jini babu suna a kan teburin kicin, wasu a firji tare da abinci, ga sirinji a buɗe cikin durowa. A 2024 CDC ta ba da rahoton cewa mata uku sun kamu da cutar ƙanjamau, kuma bisa dukkan alamu ta wannan hanya ce. A nan gida kuma, inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, allura ɗaya da aka maimaita ta isa. Ki tuna falon Hajiyar, ki tuna inda take ajiye kayanta, ki tambayi kanki wa ke duba ta.

Hotunan da ta nuna miki kada su ruɗe ki. Fuska kan kumbura kaɗan bayan kowace irin allura, kumburin ya cike tamoji na 'yan kwanaki, a ƙara da fitila mai kyau da hoda da gyaran waya. Matan da aikin ya ɓaci a fuskarsu ba sa cikin wayarta.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wanda ke ba ki ɗauke shi da nauyi ba. Abin da kika kwatanta ba tsufa ba ne, 'yar'uwa. Shekara 43 ba ta sa jijiyoyi su fito a kumatu, ba ta kawo nankarwa a damtse, ba ta hana karce warkewa. Waɗannan alamun sitiroid ne, maganin da ake yawan zubawa a man haɗi saboda yana sa haske da wuri, irin su kulobetasol. Shi ke cinye kaurin fata, shi ne kuma ya sa in kin bari kwana uku fuskar ke yi miki bore, domin ta saba da shi. Baƙin da ke kumatunki mai kama da ƙuna kuwa ya yi kama da abin da sinadarin bilicin mai suna haidurokwinon ke jawowa in an daɗe ana shafawa, ya fara da haskawa ya ƙare da baƙin da ya fi na asali, musamman inda rana ke duka. Wasu mayukan har da sinadarin makuri, wanda ke taɓa ƙoda. Abin ya kai NAFDAC a 2023 ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Ban ga fuskarki ba, likita ne zai tantance, amma in haka ne, fatarki tana cikin halin da allura ta fi yi mata illa. Fatar da sitiroid ya sirantar ba ta warkewa da wuri, ba ta iya kare kanta daga ƙwayar cuta. Mu baƙar fata kuma duk inda aka huda ko ya kumbura yakan bar baƙin tabo na watanni, wasu ma tabon ya taso ya yi tudu. Allura wata uku kafin biki na iya jawo miki ainihin abin da kike gudu.

Don haka a wannan makon ki nemi likitan fata. A Kano akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a Shika ta Zariya, akwai masu zaman kansu in kina gudun layi. Ki kwashi duk mayukan da sabulan da kike amfani da su ki sa a leda ki tafi da su, har da na haɗin da babu rubutu a jiki, ki faɗa masa tsawon shekarun ba tare da ragewa ba. Ya ga irinki da yawa, babu abin kunya. Kada ki jefar da man lokaci ɗaya da kanki, domin wanda ya daɗe yana shafa sitiroid mai ƙarfi a jiki da yawa, a hankali ake janye shi, likita zai tsara miki. Ki roƙi a auna miki hawan jini da suga da ƙoda. In kina da ciki ko kina sa ran samu, ki faɗa tun farko, domin wasu magungunan gyaran fata kamar tiretinoyin ba a ba mai ciki. Abu ɗaya da za ki iya farawa tun gobe shi ne man kare fata daga rana, mai lamba 30 ko sama, kowace safiya, ko da a tsakar gida za ki wuni, tare da mai mai sauƙi mara turare da sabulu mara ƙarfi. Dilka da goge-goge masu ƙarfi ki ɗaga musu ƙafa tukuna, fatar ba za ta ɗauka ba.

Ba zan ɓoye miki ba, makonnin farko za su yi wuya. Fuskar za ta iya yin ja, ta yi ƙuraje, launinki na asali ya fara dawowa ba daidai ba. Baƙin kumatun na iya ɗaukar lokaci mai tsawo, wani ma ba ya gogewa duka, nankarwa kuma takan dusashe ne kawai. Amma a wata uku fata na iya lafawa in an fara yanzu, ranar biki kuma mai kwalliyar da ta san aikinta za ta rufe sauran. In bayan fatar ta murmure har yanzu kina sha'awar PRP ko wani gyara, ki yi maganar da likitan. A lokacin ki tabbatar mai yin yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, a asibiti ake yi, a gabanki aka buɗe allura, jininki bai bar ɗakin ba, duk wata kwalba kuma tana da suna da lambar NAFDAC. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ki ɗauki jakarki.

Ta fuskar addini, tun da na san zai zo miki a rai, Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Maleshiya a 2007 ta bambanta gyaran lahani da ƙarin ado. Ta halatta maganin abin da cuta ko ƙuna ko haɗari ya ɓata, ta kuma ce ba a cire tamoji da tiyata ko allura sai in larura ce ta rashin lafiya kuma an aminta daga cutarwa. Neman maganin fatar da mai ya lalata magani ne kamar kowane. Sauran bayani ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

Aminiyarki ba na zarginta. Ta ga kina cikin damuwa ta kawo abin da ta sani, wataƙila ita ma haka aka gaya mata. Ki ce mata kin fasa, likita za ki gani, in tana shafa irin man ku tafi tare. Hajiyar ma mai yiwuwa ta yarda da kayanta, wanda ya sayar mata a waje shi ya karanta mata abin da take karanta miki. Amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da mutum likita, kuma ranar da fuska ta kumbura da tsakar dare ba ta da abin da za ta yi miki sai ta ce ki shafa ƙanƙara. In kin riga kin ba da wani abu na kafin alƙalami, ki nema cikin mutunci, in bai fito ba ki bar shi.

Sai maigida. Kin ce ba ki yi masa rigima ba, na yaba, amma ina jin kin haɗiye da yawa. Rashin rigima daban, yin shiru har ciwo ya ci ki daban. Ba ki ce ya kushe fuskarki ba, ba ki ce ya daina kula ki ba, ke ce kika yanke wa kanki hukunci a gaban madubi, kika kuma ɗauka haskenki da ya dushe ne ya kai shi neman wata. Maza na ƙara aure suna da mata kyawawa a gida, wannan kin gani a danginki da unguwarku. Allura ba za ta sa ki zama 'yar ashirin ba, kuma in gasar ƙuruciya aka buɗe, ba ke kaɗai ba, ita ma amaryar shekaru na jiran ta. Ita yarinyar ba ta yi miki komai ba tukuna, da alama ma tana can tana fargabar shigowa gidan mace mai 'ya'ya biyar da ta san kowane lungu na halin mijin.

Ki samu lokacin da yake cikin natsuwa, ba a gaban yara ba, ki ce masa, Alhaji, man da na daɗe ina shafawa ya yi min illa, ina son ganin likitan fata, ina son ka ɗauki nauyi. Lafiyarki haƙƙi ce a kansa, kuma mai shirin kashe kuɗin lefe bai kamata kuɗin likitan uwargida ya yi masa nauyi ba. Daga nan ki faɗa masa abin da ke ranki kai tsaye, cewa kina tsoron a ajiye ki gefe, kina son ku yi maganar rabon kwana da wurin zama da kuɗin cefane tun kafin amarya ta tare. Waɗannan su ne za su shafi zamanki shekara da shekaru, ba abin da 'yan biki za su gani na yini ɗaya ba. In kin san ba ya sauraro in ke kaɗai ce, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunki. In kuma ya taɓa yi miki gori a kan fatarki, ko shi ne ma ya fara nuna yana son fara, to ki gaya masa a fili cewa abin da ya jawo ke nan, ya taya ki gyarawa.

Ki kuma lura da kanki. In barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki, kina kuka ba dalili har ya wuce mako biyu, ki faɗa wa likita wannan ma, yana da magani. Ki samu 'yar'uwa ɗaya mai riƙe sirri da za ki riƙa sauke mata abin da ke cikinki, ba masu zuga ki ba. Babbar 'yarki kuma tana kallon abin da kike shafawa, in ta fara taɓa man nan ki tafi da ita asibitin rana ɗaya a duba ku tare.